Ajin Tsofaffin Kalmomin Turanci a Tudun Wada, Gusau: Abin da Na Gani Cikin Wata Uku

Sana'ata buga takardu ce. Shekara tara ke nan ina da ɗan shago kusa da harabar kotu a nan Gusau, inda nake buga wa mutane takardar rantsuwa da yarjejeniyar haya da ta cinikin gona da wasiƙun neman aiki. Duk wanda ya ga yadda yatsuna ke gudu a kan kwamfuta zai ɗauka Turanci ya zauna mini, ni ma kuma haka na ɗauka, har ranar da wani dattijo daga wajen Kwatarkwashi ya shigo da wata tsohuwar wasiƙa a naɗe cikin leda. Wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa da auduga ne ya rubuta wa mahaifinsa ita a 1956, shi kuma abin da yake so ya sani guda ɗaya ne: ko mahaifinsa ya rasu da bashin mutane a kansa, don ya biya masa kafin shi ma tasa ta zo. Na duba na ga an rubuta "your letter of the 4th instant", can ƙasa kuma na ga kalmar "discharged". Sai na ce masa, "Baba, kamar dai sun ce a biya su nan take, kuma sun sallame shi daga aiki." Dattijon ya yi shiru, ya naɗe takardarsa, ya biya ni, ya fita. Ban samu natsuwa ba a daren nan, domin na san cewa na faɗi abin da ban tabbatar ba a kan maganar da ta shafi mamaci.

Wannan ne ya kai ni ajin da zan yi magana a kansa. Wani maƙwabcin shagona mai ɗaukar hoton fasfo ne ya ba ni labarin wani tsohon malamin makaranta, wanda daga baya ya yi aikin tafinta a kotu har ya yi ritaya, yana koyar da Turanci da yamma a wani ɗakin makaranta a Tudun Wada. Ana zama ranar Litinin da Laraba da Asabar, daga bayan sallar La'asar zuwa dab da Magariba, kuma kuɗin wata naira dubu biyar ne, ban da kuɗin hoton takardun da yake rabawa. Mu goma sha huɗu ne lokacin da na shiga: masu buga takardu irina uku, malaman firamare, wani magatakardan lauya, ɗalibai biyu daga Jami'ar Tarayya ta Gusau, da wani tela wanda har yau ban gane abin da ya kawo shi ba, amma ya fi kowa yawan tambaya.

Ranar farko na karanta wa Malam kalmomin da na kwafa daga wasiƙar. Bai bari na kai ƙarshe ba ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wagga takarda ba ta bashi ba ta." Ya tashi ya rubuta kalmomi uku a allo. A wasiƙun ofis na zamanin Turawa, in an ce "instant" bayan kwanan wata, ana nufin watan da ake ciki. "Ultimo" watan da ya wuce. "Proximo" kuma watan gobe. Ana taƙaita su a rubuta "inst." da "ult." da "prox." Saboda haka kamfanin cewa ya yi ya samu wasiƙar da aka aiko ranar huɗu ga wannan wata, ba wai a biya shi nan take ba. Ita kuwa "discharged", in da mutum ake magana tana iya nufin sallama daga aiki ko daga asibiti, amma in da bashi ko lissafi ake, ma'anarta an biya an wanye. Mahaifin dattijon ya biya abin da ake binsa tun kafin a haife ni, ni kuma na ɗora masa bashi da baki.

Abin da ya bambanta wannan aji da sauran azuzuwan Turanci da na sani shi ne Malam ba ya ɗaukar kalma a matsayin abu mai ma'ana ɗaya da za a haddace. A wurinsa kowace kalma tana da shekaru, kuma kafin ka fassara ta sai ka tambayi zamanin da aka rubuta takardar da wurin da aka rubuta ta. Hanyar da ya bi ya cusa mana wannan ita ce ta fi burge ni, domin da Hausarmu ya fara. Ya tambaye mu, tsakanin wanda ya ce "zamna" da wanda ya ce "zauna", wa ya yi kuskure? Ɗaya daga cikin ɗaliban jami'ar ya ce ai "zauna" ce daidaitacciya. Malam ya ce haka ne a rubutu, amma "zamna" da "amre" da "sabro" da muke faɗa a ƙasar Zamfara da Sakkwato su ne tsofaffin siffofin, mutanen Kano ne suka sassauta su suka koma "zauna" da "aure" da "sauro". To haka Turancin Nijeriya yake, in ji shi: akwai kalmomin da Turawa suka zo da su, suka koma gida suka daina amfani da su, mu kuma muka riƙe. Ya kawo misalin "trafficator", sunan da ake kiran fitilar nuna kwana ta mota da shi a Ingila a da, wanda yanzu can sai tsofaffi, alhali a nan kowane direba ya san shi.

Daga nan ya shiga kalmomin da Hausa ta haɗiye har muka manta asalinsu, kuma a nan ne telan ajinmu ya samu bakin magana. Sule daga "shilling" take, sisi daga "sixpence", kwabo daga "copper", wato jan ƙarfe, fam kuma daga "pound". A lissafin da, kwabo goma sha biyu ne sule ɗaya, sule ashirin ne fam ɗaya. Ingila ta bar wannan lissafi a watan Fabrairu na 1971, Nijeriya kuma ta koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu, 1973, inda fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Matashin Bature na yau bai taɓa riƙe sule ba, amma mu har gobe in mutum ya tsiyace cewa muke yi ba shi da ko sisi. Yadin da tela ke auna shadda da shi "yard" ne, inci talatin da shida. Eka "acre" ce. Galan "gallon" ne, kuma Malam ya ja kunnenmu cewa galan na Ingila ya haura lita huɗu da rabi, na Amurka kuwa bai kai lita huɗu ba. Sai kalmomin bariki, wanda shi kansa "barracks" ne: kurtu daga "recruit", samanja daga "sergeant major", fursuna daga "prisoner", sammaci daga "summons", Razdan daga "Resident", En'e kuma haruffan farko ne na "Native Authority". Tasha da lebura ma haka, kuma ba abin mamaki ba ne su zauna daram a bakin mutanen garin da layin dogo ya ratsa ya wuce Kaura Namoda tun 1929.

Wannan sashe yana da daɗin ji, amma gaskiya ba shi ne ya fi yi mini amfani ba. Wanda ya biya mini kuɗina shi ne makonni huɗun da muka yi a kan Turancin kotu, domin a nan na gane cewa shekara tara na yi ina buga abin da ban fahimta ba. A yarjejeniyar haya ana rubuta "the demised premises", ni kuma da yake na san "demise" da ma'anar rasuwa, na daɗe ina zaton gidan mamaci ake nufi, har na taɓa tambayar wani mai gida ko gādo ya ci. Ashe a harshen shari'a kalmar tana nufin bayar da gida ko fili haya, don haka gidan da aka bayar haya kawai ake nufi. "Save" a irin waɗannan takardu ba ceto ba ne, "sai dai" ce ko "ban da". "These presents" ba kyaututtuka ba ne, takardar ce da kanta. "Deponent" shi ne mai rantsuwa, "aforesaid" wanda aka ambata a baya, "hereinafter" daga nan zuwa gaba a cikin takardar. Wadda ta fi haɗari ita ce "severally". A bakin 'yan Nijeriya tana nufin sau da yawa, kamar mutum ya ce ya kira ka "severally". A yarjejeniya kuwa, in an ce mutum uku sun ɗauki bashi "jointly and severally", ana nufin ana binsu a tare kuma ana bin kowannensu shi kaɗai, wato mai bashi yana iya kama mutum ɗaya ya nemi kuɗinsa gaba ɗaya. Na tuna 'yan ƙungiyar manoma nawa suka sa hannu a kan wannan jimla a gabana ba tare da wani ya yi musu bayani ba, jikina ya yi sanyi.

Malam bai ce ma'anar da muke ba kalmar a Nijeriya kuskure ba ce, kuma na yaba masa da wannan. Ya gaya mana cewa a watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford, wanda ke bin tarihin kowace kalma, ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da "severally" da wannan ma'ana tamu, da "okada", da "next tomorrow" wadda ke nufin jibi, da Kannywood. Abin da ya nace a kai shi ne mutum ya san a wace rumfa yake tsaye kafin ya buɗe baki.

Wata rana ya ce kowa ya zo da fasfonsa in yana da shi. Mutum biyar suka kawo, yawancinsu na zuwa Makka. Ya sa aka buɗe shafin ciki inda gwamnati ke roƙon a bar mai fasfon ya wuce "without let or hindrance", ya tambaye mu ma'anar "let". Dukanmu muka ce bari ko ƙyale. Ya ce to in haka ne, gwamnati na roƙon a bar ku ku wuce ba tare da an bar ku ba ke nan? Aka yi dariya. Ashe kalmomi biyu ne da suka zo suka yi kama: ɗaya tana nufin ƙyalewa, ɗayar kuma, wadda ta tsufa ta kusa ɓacewa, tana nufin tarewa ko cikas. Wani malamin firamare da ya je Hajji sau biyu ya riƙe fasfon yana kallo kamar yau ya fara ganinsa.

Haka kuma ya yi mana da "thou" da "thee" da "thy", musamman "thee", wadda yara suka dawo suna rerawa tun da aka maido da tsohon taken ƙasa a watan Mayu na 2024, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Mutane da yawa suna zaton kalmomin girmamawa ne, saboda sun saba ganinsu a littattafan addini, kamar fassarar Baibul ta 1611 da fassarar Alƙur'ani ta Pickthall ta 1930 da ta Yusuf Ali da ta fara fitowa a 1934. Malam ya ce asali akasin haka ne. "Thou" ita ce kai ko ke, ta mutum ɗaya, wadda ake faɗa wa yaro ko aboki ko na ƙasa, "you" kuwa ita ce ku, ta jama'a, wadda ake ba babba don ladabi, daidai yadda ɗan Bahaushe zai ce wa mahaifinsa "kun tashi lafiya?" Turawa suka yi ta ba juna "ku" har "kai" ta fita daga maganar yau da kullum a ƙarni na 17, shi ya sa yanzu Turanci ba ya bambanta mutum ɗaya da taro in ana yi musu magana. Ban taɓa jin bayanin da ya shige ni da sauri kamar wannan ba, kuma na tabbata wanda ba Bahaushe ba da wuya ya kawo shi haka.

Akwai darussan da ya yi a kan kalmomin da ma'anarsu ta juye. "Nice" daga kalmar Latin mai nufin jahili take, kuma wajen shekara ta 1300 wawa ake nufi da ita. "Silly" mai albarka take nufi a da. "Meat" kowane irin abinci ne, "deer" kowace dabba ce, "starve" mutuwa ce ta kowace hanya, "girl" kuma yaro ne ko mace ko namiji. "Wherefore", wadda ɗaliban adabi ke cin karo da ita a wasannin Shakespeare, "don me" take nufi, ba "ina" ba. "Fortnight" dare goma sha huɗu ne aka dunƙule, "score" kuma ashirin. Ya kuma bayyana dalilin da ya sa saniya take "cow" a garke amma namanta "beef", tunkiya "sheep" amma namanta "mutton": bayan Normawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, sunan dabba ya zauna a tsohon harshen talakawa, sunan nama kuma ya zo daga harshen masu mulki, kuma har yau maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar da suka yi boko "mouton" suke kiran tunkiya. Daga Larabci kuma ya nuna mana "cotton" da "sugar" da "magazine", da "alcohol" wadda asalinta sunan tozali ne. A nan na ga ya ɗan yi sauri, kamar mai zuba hatsi a buhu, kuma da ya rage yawan kalmomin ya ƙara misalan jimla da ya fi.

Yanzu sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, domin akwai su. Na farko, ajin ba na mai koyon Turanci daga tushe ba ne, kuma ba a gaya wa mutum haka kafin ya biya. Wani matashi mai shirin jarrabawar kammala sakandare ya shiga tare da ni, ya yi mako uku ya daina zuwa, kuma bai yi laifi ba, domin abin da yake bukata nahawu ne da rubutun insha'i, ba "ultimo" ba. Na biyu, ba a koyar da furuci ko kaɗan. Malam yana faɗin kalmomi yadda aka koya masa shekaru masu yawa da suka wuce, kuma in ka tambaye shi yadda ake furta wata kalma sai ya ce takarda ba ta magana. Na uku, ba ya shiri da ƙamus na waya. Yana da nasa guda biyu da yake zuwa da su cikin jakar fata, ɗaya na Turanci zalla da bangonsa ya rabu, ɗaya kuma na Bargery na Hausa da Turanci wanda aka fara bugawa a 1934, kuma in ya ga ɗalibi ya zaro waya sai ransa ya ɓaci. Wannan ra'ayi ne da ban yarda da shi ba, domin ƙamus na waya mai kyau yana nuna in kalma ta tsufa ko ta shari'a ce, abin dai shi ne mutum ya gangara ƙasa ya karanta ma'ana ta uku da ta huɗu, kada ya tsaya a ta farko kamar yadda na yi da wasiƙar dattijo. Sababbin kalmomin intanet da na banki kuwa, waɗanda kullum ake kawo mini su a shago, ba ya taɓa su sam.

Sai ɗakin da kansa. Bencin yara ne, babba in ya zauna awa biyu sai ya tashi da ciwon baya, kuma a watannin zafi in an ɗauke wuta ba fanka, ana gumi ana rubutu. Takardun da yake rabawa an yi ta ɗaukar hotonsu daga hoto har wasu haruffan sun dushe, abin da ya fi damun mai sana'a irin tawa, don haka na karɓi guda shida na sake buga masa su kyauta. Mata ba sa zuwa wannan zama. An ce yana yi musu nasu ranar Lahadi da safe, kuma ƙanwata da ke koyarwa a wata firamare ta fara zuwa a watan jiya.

Sau ɗaya na kama shi da kuskure. Ya ce mana kalmar "news" an haɗa ta ne daga haruffan farko na arewa da gabas da yamma da kudu a Turanci, wai don labari daga ko'ina yake zuwa. Maganar ta yi daɗi har wasu suka rubuta. Da na koma gida na bincika, sai na tarar ƙirƙira ce: kalmar jam'in "new" ce kawai, wato sababbin abubuwa. Na yi ta tunanin yadda zan gaya masa ba tare da na kunyata shi ba, daga ƙarshe na jira aka watse na ce, "Malam, na ga wani abu da ya ɗan saɓa da na wancan darasi, ko za ku duba mini?" Ya sa tabarau, ya buɗe nasa ƙamus ɗin, ba wayata ba, ya daɗe yana dubawa. Ranar Asabar kafin ya fara darasi ya ce kowa ya buɗe littafinsa ya soke abin da ya rubuta, ya ce shi ma haka wani malaminsa ya gaya masa tun yana ɗan makaranta, kuma bai taɓa bincikawa ba sai da ɗansa mai buga takardu ya tuna masa. Daga ranar na ƙara sakin jiki da sauran abin da yake faɗa, ko da yake ban daina bin sawunsa a ƙamus ba.

Wanda zan ce ya je shi ne mai buga takardu, da magatakarda, da tafinta, da malamin Turanci, da duk wanda ake kawo wa tsofaffin takardun gona ko na gādo ya karanta. Ya tafi da littafin rubutu mai kauri da ɗan abin shimfiɗa a kan benci, in kuma yana da wata tsohuwar takarda a gida ya tafi da ita, domin Malam ya fi sakin jiki in an ajiye masa takarda ta gaske a gabansa fiye da in yana bin abin da ya tsara. Ni na sake biyan kuɗin wata na huɗu, saboda ya ce zai shiga takardun filaye.

Dattijon Kwatarkwashi kuwa sai da na yi mako biyu ina cigiyarsa wajen direbobin tashar da ke zuwa can kafin na samu wanda ya san shi. Ranar wata Juma'a ya dawo shagon da ledarsa, na karanta masa wasiƙar daga farko har inda aka sa hannu a ƙarƙashin "your obedient servant", na gaya masa cewa ni ne na yi kuskure, mahaifinsa ba a binsa ko kwabo. Ya ce in sake karanta masa layin da aka ce an biya. Na sake. Na miƙa masa kuɗin da ya ba ni a karon farko, ya ƙi karɓa, ya ce in buga masa fassarar da Hausa a takarda guda don ya nuna wa ƙannensa.